Gaisuwar da Mahaifina Ya Ƙi Kammalawa

Shekarun baya, tun Turawa ba su tafi ba, ina ƙaramin akawu a Kaduna, muna zaune a Kurmin Mashi. Mahaifiyata ta bi yayanta aikin hajji ta ƙasa, shekaru suka ja babu labarinta. A wannan tsakanin mahaifina ya tsufa tukuf, idonsa ya tafi, ƙafa ta ƙi.

Sai ya tsiro da wata waƙa da ya shirya da kansa. Kullum bayan la'asar zai sa a shimfiɗa tabarma biyu a zaure, ya zauna a ɗaya, ya fuskanci wadda babu kowa, ya fara rerawa. Waƙar duk gaisuwa ce: ina gajiya, ina hanya, yaya ka baro mutanen da ka biya ta wajensu. Bayan kowane baiti yakan yi shiru ya karkata kunne, sannan ya gyaɗa kai. Ba ya tsayawa sai an kira magariba.

Ni da abokina, wani malamin makaranta, muka ɗauki abin a matsayin aikin ilimi. Ni da ban taɓa haɗa baiti ɗaya ba, na dage cewa begen mahaifiyata ne. Abokina ya ce ina, ai da namiji yake magana. Ya kuma lura waƙar ba ta da rufewa, kullum sai an ƙaro sabuwar gaisuwa. Muka yi ta musu har shayinmu ya huce, sannan ya ce mu tambayi mai ita.

Abokina ya ce, "Baba, wai wa kuke gaisarwa haka?"

Mahaifina ya yi ƙasa da murya. "Baƙo gare ni, ya daɗe da zuwa. Yana da ladabi, ba zai faɗi abin da ya kawo shi ba sai mun gama gaisawa. To ni ban gama ba, uwar yaron nan tana hanya."

Abokina, wanda yake zaune a bakin ɗaya tabarmar, ya janye ƙafarsa a hankali. Daga ranar bai ƙara shiga zauren ba, ni ma ta gefen bango nake raɓawa. Da na ce, "Baba, wannan ba jayayya da hukuncin Allah ba ce?" sai ya ce, "Wa ya yi jayayya? Gaisuwa laifi ce?"

Ta kai har yana gaishe da baƙon da ruwan sama, da sauro, da tsadar gero. Muryar ta dishe, amma bai fasa ba.

Wata Laraba da rana motar haya ta sauke mahaifiyata, ta rame ta yi baƙi. Mahaifina ya riƙe hannunta ya ce, "Sannu da hanya, Hajiya." Ya kurɓi zamzam. Da la'asar ta yi, ya juya wajen tabarmar, babu waƙa, ya ce, "Na tsare ka da yawa, ka yi haƙuri. Me ke tafe da kai?"

Kafin magariba muka rufe masa fuska.

Har yau ban san ko ruɗin tsufa ne ba, Allah ne masani. Na dai haura shekarunsa yanzu, kuma tsoron da nake ji ba na baƙon ba ne. Abin da ke damuna shi ne, idan ya yi sallama, ban san wa zan ce ina jira ba.