Mutumin da Aka Kulle a Monita

A tarihin zaluncin da ɗan'adam ya yi wa ɗan'uwansa, ban san wanda ya kai na sifikar Kawu Sale ba.

Babanmu ma'aikacin gwamnati ne mai 'ya'ya bakwai, talabijin ta fi ƙarfinsa. Da aka yi gwanjon kayan ofis sai ya kinkimo tsohuwar monitar kwamfuta zuwa gidanmu a Badarawa, aka haɗa ta da dikoda ta wani ɗan akwati. Hoto ya fito tangaram. Murya kuwa babu, don monita ba ta da sifika.

Kakarmu Inna Yalwa ce ta cike giɓin. Bayan Magariba takan jawo kurfotinta bakin ƙofar falo, tana gasa mana gyaɗa, ta dubi allon ta ce, "Ga ta nan a taga." Mu ce, "Ta zo mu gan ta."

Akwai wani mai kwat da ke fitowa kullum gaban taswira, yana nune-nune, baki na motsi. Inna ta ce ɗan tsegumi ne. Ya ga aljanar rijiya tana wanka, ya yi rantsuwa ba zai faɗa ba, kafin la'asar kasuwa ta ɗauka. Sai ta zare masa murya ta zuba a tulu, ta kulle shi a taga.

"Kun ga yana nuna can? Garin da aka binne tulun yake nema." Sai ta juyo ta dube ni. " Kai, maigidana, rufe baki kar ƙuda ya shiga, kai ma halinku ɗaya."

Sati uku tana jan labarin. Ranar da ta yi alkawarin zai gano tulun, ranar Kawu Sale, ƙanen Baba, ya iso da sifiku biyu a leda, yana taƙama kamar ya kawo wa unguwa ruwan famfo.

Ya jona. Mai kwat ya yi magana. Inna ta ɗaga murya za ta ci gaba, sai wani marar kunya ya ce, "Inna, don Allah yi shiru mu ji!"

Ni ne. Na sha ɗora wa Kawu laifin, amma bakina ne.

Ba ta yi faɗa ba. Ta ce, "To, ya samu tulunsa," ta ɗauki kurfotinta ta shige ɗaki. Mun roƙe ta daga baya, ta ce mai taga ya ƙarasa mana. Har ta rasu ba ta ƙarasa ba.

Na daɗe ina zaton darasin shi ne riƙe amana. Yanzu da nake koyarwa, nake magana yara na kallon waya, na gane mai ba da labari ma ana zare masa murya, kuma ba aljana ke yi ba.

Abin da mai kwat ya faɗa a ranar, Baba ya fassara mana. Wai gobe za a yi ruwa a Turai.