Ranar da Ɗan Birni Ya Danna Sharewa

Ko tsufa ya kai ni ga manta inda na ajiye carbina, ba zan manta da la'asar ɗin da aka kusa ba hammata iska a tsakar gidana ba, kuma a kan abin da ido ma ba ya gani.

A shekarun nan ne da fetur ya gagari talaka, wutar lantarki kuwa mun daina tambayar lafiyarta. Jikata tana ajin ƙarshe a wata makaranta a Bici, ta rubuta manhajar da za ta riƙa gaya wa manomi lokacin zuba taki. Na ce madalla, saura wadda za ta gaya mana inda takin yake. Washegarin ranar da nake ba da labari za ta nuna wa malamanta. In abin bai yi ba sai ta maimaita shekara, ubanta kuwa ya riga ya ce ƙarfinsa ya ƙare.

Ni da ban ƙarasa firamare ba, ga abin da na gane: rubutun da ta yi ba ya zama manhaja sai wani kayan aiki ya tattara shi ya haɗa. Akwai na zamani, mai shiga intanet da kansa ya kwaso duk abin da ake buƙata ya adana a kwamfuta. Akwai tsoho, wanda sai ka rubuta masa kowane mataki da hannu, amma ba ruwansa da sabis. Ita da na zamani take aiki, ya kuma kwaso kayansa tun tana makaranta, kafin ta zo wurina ƙauye.

Sai ga taubashinta daga Ungogo, mai aikin kwamfuta a birni. Ya hango wani ɗan kuskure, ya ce su a ofis sharewa suke yi a sake daga farko. Kafin ta buɗe baki ya danna. Abin ya kwashe duk ajiyarsa ya zubar, ya koma neman intanet. A ƙauyenmu, inda sai ka hau rumbu kake jin muryar mai kiranka.

Yarinya ta ƙame, sannan gardama ta ɓarke. Shi ya dage cewa na zamani ba shi da laifi, ba ya mantuwa, kuma abin da ya haɗa a nan shi zai haɗa a kowace kwamfuta. Ita ta ce ɗan ƙodagon da ya zo gona ba fartanya, sai an aiko masa daga Turai, ba ma'aikaci ba ne. Ya ce tsohon naki in kin tsallake layi ɗaya ko tari ba zai yi miki ba. Suna haka hadari ya rufe rana, solar da muke caji da ita ta daina ja, batirin kwamfutar yana ta sauka.

Na gyara murya na ce, "Amarya, in sun kore ki, ai ni ina nan, sai ki riƙa dama mini fura."

Ko kallona ba ta yi ba. A nan ne tsoro ya kama ni.

Can ta ce wa taubashin, "Hau rumbun. Ba duka za ka kwaso ba, sabis ɗin ba zai ɗauka ba. Waɗanda ba makawa kawai. Sauran ni zan rubuta."

Ɗan birni ya tuɓe takalmi ya hau, ya ɗaure waya a bakin gora yana ɗagawa sama don ta jawo wa kwamfutar sabis, iska na kaɗa shi. Ni na riƙe tsani ina salati. Ita tana gindin rumbu, kwamfuta a cinya, tana jera wa tsohon kayan aikin matakai. Abin ya ƙi haɗuwa, ta nemo layin da ta tsallake. Taubashin yana gani daga sama, amma Allah Ya ba shi hankalin yin shiru. Yayyafi ya fara, ta lulluɓe kwamfutar da mayafinta. Batir ya yi ja kafin abin ya haɗu, ba hoto ba kwalliya, amma yana aiki. Da shi ta ci jarrabawa washegari.

Har yau in sun haɗu da salla sai sun tayar da gardamar, kowa na nan a kan bakansa. Ni dai abin da na koya: kafin ka zubar wa mutum da abin da ke hannunsa, ka fara tambaya ko a garinsu ana samun wani.