Ranar da Na Gaida Masu Kufai

Shekarar da aka kai mu ƙasar Nijar ina makarantar kwana, ba a daɗe da samun mulkin kai ba, kuma babu wanda ya san ni Bamaguje ne. Gidanmu na bayan Ƙarfi, cikin gonakin dawa, amma in an tambaye ni sai in ce Malumfashi, in ja bakina in yi shiru. In an kira salla nakan bi sahun baya, in yi abin da na ga ana yi. Ba raina gidanmu na yi ba, wurina a kwano nake karewa. A makaranta taruwa ake yi a ci, ni kuwa na samu shiga kwanon wasu yara, babbansu ɗan wani mai awon auduga a Bakori. Bakinsa ba ya hutawa. Shi ke turo mini nama, wai ramata tana ba shi kunya.

Kafin tafiya na je gida sallama, na tarar da Baba yana ɗaure damin dawa.

"Me za ku yi can?" ya ce.

"Aikin taimako, Baba. Za mu gina wa mutane ɗakin shan magani, mu hau duwatsu, sannan a nuna mana wani tsohon gari."

"Da mutane a ciki?"

"Kufai ne."

Sai ya saki igiyar. "Kufai ba ya rasa masu shi. In ka je, ka gaishe su. Kada ka faɗa wa mutane gida kamar akuya."

Daga Funtuwa muka hau babbar mota, muka yi ta tafiya har itatuwa suka ƙare, muka wuce Agadas, muka sauka a wani ƙauyen Buzaye a gindin duwatsun Azbin. Kullum muna kwaɓa ƙasa muna buga tubali. Aikin bai dame ni ba, hira ce ta dame ni. In aka zauna hutawa, kowa sai ya kawo labarin gida, wannan ragon layya, wancan bulalar makarantar allo. Ni ma ina da labarai cike da ciki, amma ba wanda zan iya fitarwa. Sai in yi dariya inda aka yi dariya. Ban taɓa jin kaɗaici irin na cikin dariyar nan ba.

Da ginin ya kai linta, malaminmu ya ce a ɗaure takalma. Muka yini muna hawa, wani tsohon Buzu na gaba, har muka ɓullo kan garin. Ganuwar dutse ce da ɗakuna ba rufi, ga duwatsun niƙa sun lotsa, ko tsuntsu babu. Yara suka kwasa da gudu suna ihu don su ji muryarsu ta dawo.

Ni ƙafata ta tsaya a bakin ƙofa. Na so in yi gaisuwar a zuci, to amma a gidanmu ba a gaida mutum a zuci. Na duba ba kowa, na tuɓe takalmi, na durƙusa, na tsiyaya ruwan gorata a ƙasa.

"Sannunku da gida, masu wuri," na ce. "Baƙi ne mu, wucewa za mu yi."

"Kai, wa kake gaisarwa?"

Ɗan Bakori ne. Ashe ya ga ba ni, ya dawo nemana, da dabino a hannunsa.

"Masu gidan," na ce.

Ya dubi jiƙaƙƙiyar ƙasar, ya dube ni. "A Malumfashi haka ake yi?"

"A bayan Ƙarfi."

Bai zage ni ba, kuma da ya zage ni da na fi jin sauƙi, ko ba komai na rama. Da aka kawo abincin yamma, sai ya ɗauki murfin kwanon, ya yanka mini tuwo, ya ɗora nama fiye da na kullum, ya ajiye can gefe. "Ga naka," ya ce, da ladabi kamar mai ba baƙo. Raina ya ɓaci, amma yunwa ba ta san fushi ba, na cinye. A murfin nan na ci har muka dawo Funtuwa.

Da na isa gida, Baba bai tambayi ɗakin maganin ba.

"Ka gaishe su?"

"Na gaishe su, Baba."

"Madalla."

Aka kawo tuwo, ƙannena suka kewaye akushi. Ban san lokacin da na ɗauki faifan da aka rufe akushin da shi ba, na ɗebi nawa a kai, na koma gindin rumbu na zauna.

"Wa ya koya maka ci a murfi?" Baba ya ce.

Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce da ƙannena su matsa su ba ni wuri.