Kwabban da Ke Kan Rufinmu

Da aka daina karɓar kwabo mai huji, babana bai zubar da nasa ba. Da ya zo rufa ɗakin Iya da kwano, kowace ƙusa sai ya zura mata kwabo ɗaya kafin ya buga, don kada ruwa ya bi ramin. Har ya rasu yana fariya da wannan dabara, kamar shi ya ƙirƙiro ta, alhali rabin unguwarmu a Lafia haka suka yi.

Shekarar da aka rage mu daga aiki, cutar yanar ido ta rufe ganin Iya. Likita ya ce aiki ne mai sauƙi, amma sai a Jos, kuma kada a ɗau lokaci. Na sayar da kekena, na sayar da rediyo, ko hanya ba su kama ba. Ina ganin uwata tana laluben bango a gidan da ta share shekara talatin tana shara, abin yana cin raina.

Akwai wani ɗan kudu mai gurguwar Hausa, mai gyaran agogo a bakin tasha, mai maƙala gilashi a ido ɗaya. Shi ya ce mini wani mutum daga Legas yana sayen tsofaffin kwabbai, amma ba kowanne ba.

"Wanda injin ya yi kuskure," in ji shi. "Tauraro gaba, tauraro baya, babu kambin sarki. Ka kawo ɗaya, maman ka zai gani. Na tru, gaskiya ne."

Ban yi shawara da kowa ba. Na ari tsani na hau. Kwana uku ina zare ƙusoshi cikin rana, kwano yana gasa mini gwiwa. Iya ta tambaya, na ce gyara nake. Na sauko da kwabban a buhu, na wanke su da toka da lemun tsami, na bi su ɗaya bayan ɗaya ina juyawa. Kambi. Kambi. Kambi. Na sake bi daga farko, wai ko idona ne. Wallahi har addu'a na yi wa kwabo.

Abin da na yi bayan nan ina jin kunyarsa har yau. Na tafi Shabu wurin wani maƙeri da bai san ni ba, ya goge fuskar kambi a kwabo biyu, ya manne su da dalma. Na binne shi kwana biyu a bakin kwata don ya tsufa. Ni a wautata na gama da Legas.

Mai agogo ko gilashinsa bai ɗauka ba. Ya saki kwabon a kan siminti. Kwabo na gaske ƙara yake kamar ƙararrawa. Nawa tif ya yi, ya kwanta.

"Malam, wannan biyu ne," ya ce a hankali. "Ɗauka ka tafi, kafin mutane ya taru."

Ban kai gida ba hadari ya haɗo ta wajen Obi, ruwan farko, wanda na yi zaton da sauran mako biyu. Na yi ta gudu. Kwanon da ma tsatsa ta cinye shi, wurin zare ƙusa na yayyaga ramukan, ga shi babu abin da ke riƙe da shi sai 'yan duwatsun da na ɗora. Ina shiga na ga falle biyu a tsakar gida.

Iya tana zaune a kan gado, zaninta sharkaf, tana tura roba da ƙafa wajen da take jin ɗiga. Na durƙusa na fara kame-kame, iska ce, tsufan kwano ne.

"Bari," ta ce. "Idona ne ya tafi, ba kunnena ba. Duk ƙusar da ka zare na ji ta. Na yi shiru ne don na san saboda ni ka hau."

Ta lalubo kaina, ta share mini ruwa daga fuska da tafin hannunta.

"To, ka samu?"