Ba Kansar Ce Ta Kashe Ki Ba, Yaya

Daga Allah muke, kuma wurinsa za mu koma. Ranar Talata, sha ɗaya ga watan nan, da hantsi, Allah Ya karɓi ran yayata, telar unguwarmu, wadda ta riƙe ni tun ina shekara tara.

Yaya, masu gaisuwa suna ta cewa kansa, wato ciwon daji, ce ajalinki. Na yarda ajali ya yi, amma ba kansar ba ce. Ƙodarki ce ta tsaya, kuma na san ranar da aka fara tsayar da ita.

Ke ce kika ɗinka wa matan ɗakin jinya huluna masu laushi da gashinsu ya zube, kina auna kan kowace da igiyar awo, robar ƙarin ruwa tana maƙale a hannunki. Ni kuwa kika sa mini suna Likitan Takarda, saboda ƙasidun da nake kwasowa daga teburin asibiti. Na karanta miki wadda ta ce a jikin mutum akwai wasu sinadarai masu yanka furotin, wato sinadarin gina jiki, kamar almakashi, kuma idan maganin kansar ya taru a ƙoda, sai su zabura su shiga yanka ƙwayoyin ƙodar kanta. Kika yi dariya, kika ce, "Almakashi a cikin tela? Ai gida ya zo." Ƙasidar ta ce a gwada jini kafin kowane zagaye na ɗaura maganin, a kuma lura da yawan fitsari. Na ja layi biyu a ƙarƙashin wannan.

A zagaye na huɗu aka ce na'urar gwajin jini ta lalace. Maimakon a ɗaga, sai ma'aikaciyar jinya ta tsaya a baranda, gaban mijin 'yarki da ni ƙanenki, ta ɗaga murya: "Baiwar Allah, kina fitsari sosai?" Wace dattijuwa ce za ta amsa wannan gaban surukinta? Kika sunkuyar da kai kika ce, "Lafiya lau." Alhali 'yarki ta faɗa mini kwana biyu kenan da kyar kike ɗigo, ƙafafunki sun kumbura. Na buɗe baki, kika harare ni, kika ce, "Kai, rufe mini baki." Na rufe. Aka ɗaura maganin.

Ina fushi da wanda ya bar na'urar a lalace. Ina fushi da wadda ta mai da tambayar rai da mutuwa hirar baranda. Ki yafe mini, har ke ina fushi da ke. Amma duk bai kai fushina da kaina ba, ni da na karanta, na ja layi, na kuma yi shiru.

Maigidanki ya ce in bar maganar, tone-tone ba ya dawo da mamaci. Gaskiya ne. Sai dai malamar makarantar da gadonta ke kusa da naki tana da zagaye ranar Alhamis, kuma jiya na tambaya, na'urar tana nan yadda take. Na rubuta wa shugaban asibitin shafi uku, da ranaku da sa'o'i. Gobe zan kai da hannuna, in kuma zauna kusa da mijin malamar in faɗa masa abin da zai tambaya.

Allah Ya jiƙan ki, Ya haskaka kabarinki, Ya sa jinyar nan ta zama kaffara. Ina miƙa ta'aziyya ga maigidanki, da 'ya'yanki, da matan ɗakin jinya. Ban taɓa saɓa miki ba kina raye, Yaya. Allah Ya yafe mini biyayyar da na yi miki ranar nan.