Kujera ta Biyu a Ɗakin Waya

Na fara saninta a shekarar da hukumarmu ta sayi motar asibiti ta uku. Ni ne akawun ɗakin waya, inda ake karɓar kiran gaggawa a tura mota. A makarantar mishan aka horar da ni da rubuta lokacin komai, don haka kowane kira sai na sa masa awa da minti. Ita kuwa ta zo mana tana da shekara ashirin da biyu, da biro ɗaya a jaka.

A makonta na farko wata mata ta kira tana kuka, mijinta ya faɗi. Yarinyar ta rubuta lambar gida, ta ajiye waya, ba ta tambayi unguwa ba. Direba ya yi minti arba'in yana yawo. Da ya isa, an riga an lulluɓe mutumin. Shugaban hukuma ya tambayi wanda ya ɗauki kiran, na ce ni ne. Aka ba ni takardar gargaɗi. Ni da ita ba mu taɓa tayar da zancen ba.

Shekara ashirin da huɗu ta yi a kujerar nan, har direbobi suka sa mata Uwar Layi.

"Uwar Layi, ga gidan can, amma hanya ta ƙi mu," in ji direba ta rediyo.

"Ku ba ta haƙuri ku wuce, ɗan'uwa. Mai naƙuda ba ta jiran kwalta."

Da wa'adin yarjejeniyar aiki ya cika, ƙungiyar ma'aikata ta zaɓe ta cikin masu magana da hukuma. Direbobi na neman tayoyi, ma'aikatan jinya na neman hutu. Ita abu ɗaya ta nema, kujera ta biyu. Mutum ɗaya ke tsaron waya uku na awa goma sha biyu. Idan yana kan ɗaya, sauran su yi ta kuka har su gaji.

Wata tara aka yi, zama goma sha ɗaya, ni ke rubuta abin da aka faɗa. Kowane zama da "za mu duba" yake ƙarewa.

"Ai aikinku zama ne, baiwar Allah," in ji shugaban.

"Ranka ya daɗe, zo ka zauna mana wuni ɗaya. Zan ara maka matashina."

Ya yi dariya, ya ce babu shaidar cewa kira na ɓacewa. Akwai kuwa. Duk kiran da ya katse ba a ɗauka ba, da jan biro nake rubuta shi a littafin kira, kuma a wata taran nan sun kai ɗari uku da sha biyu. Doka ta hana fitar da littafin, ni kuma saura wata huɗu in yi ritaya. Duk da haka na kwafe su na ba ta.

A zama na sha biyu ta karanta su ɗaya bayan ɗaya, rana da awa da minti. Na ɗauka an gama. Sai shugaban ya miƙa hannu ya karɓi takardun, ya ce wanda ya fitar da sirrin hukuma ya bar aiki ba fansho. Kowa a ginin nan ya san rubutuna.

Ya ɗaga shafin farko. Ba rubutuna ba ne. Ta sake kwafe shafi goma sha ɗaya da hannunta, da karkatattun baƙaƙenta, ba ta gaya mini ba.

Bayan mako biyu aka sa hannu. Direbobi sun sami tayoyi, ma'aikatan jinya sun sami kwana biyu. Kujera ta biyu, an rubuta "za a duba". Ni na rubuta. Har yau ɗaya ce.

Ranar da aka sallame ta na same ta a bakin ƙofa, matashinta a hammata.

"'Yata, me ya sa?"

"Baba Akawu, rubutunka ya cika kyau. Ba a kai shi gaban irin waɗannan."

A bayanmu sabon ma'aikaci yana kan waya ta farko, ta biyu tana kuka. Muka tsaya har wayar ta yi shiru. Ta dubi agogonta.

"Goma da minti bakwai," ta ce. "Je ka rubuta."