Afirka a Baibai

Duk wanda ya zauna a Briketeri a shekarun nan na matsin tattalin arziki da ake kira "la crise" ya san Hansai mai keken ɗinki. Ɗinki kam ta iya, amma abin da ya sa aka fi saninta shi ne bakinta ya fi kekenta gudu. A unguwar aka haife ta. Jikar fataken goro ce da suka taso daga Kano suka yada zango a Yawunde, zangon ya zama gida. Ko ƙofar makarantar boko ba ta taɓa takawa ba, sai Allah da ikonsa ya haɗa ta da ɗan boko, Malam Garga, Bafillacen Garwa, mai koyar da tarihi da labarin ƙasa a wata lise, wato makarantar sakandare, can wajen Messa.

Shi kuwa Malam Garga ba a tambayarsa hanya. Ka ce masa ina hanyar kasuwar Mokolo, sai ya faro maka daga zuwan Jamusawa. Hansai takan ce ta auri rediyon da ba ya cin batir. Kullum bayan la'asar yakan zauna gefen kekenta ya karanta mata darasin gobe, daular Mali ne, kogin Nilu ne, ita kuma tana mita wai ya cika mata kunne. Amma in labari ya yi daɗi, sai ka ji ƙafarta ta sassauta a kan keke.

Sai ƙasa ta shiga matsi. Aka datse albashin ma'aikata, kafin mutane su gama salati aka sake datsewa. Malamai suka watse neman abin kai wa baka, wani ya mai da motarsa tasi, wani ya kasa gwanjo. Malam Garga ya cije, har daminar da kwanon ajinsu ya yi yoyo a kan taswirar Afirka, wadda da ma ita kaɗai ce a makarantar. Fumfuna ta cinye ta, takarda ta koma tana marmashewa a hannu. Ya nemi sabuwa, aka ce masa ko alli da ƙyar ake samu. Ya naɗo gawar taswirar ya kawo gida ya tura ƙarƙashin gado. Tun daga ranar rediyon Hansai ya yi shiru.

Wata rana suna cin abinci ya ce, "Hansai, in aka yi hutun nan na bar alli. Na yi magana da yayanki Halilu, zai ba ni wuri a teburinsa na nama."

"Kai, Malam? Kai da in ana yanka kaza kake juya baya?"

"Mai iyali ba ya zaɓen aiki. Kuma me ya rage mini? In riƙa nuna wa yara kogi a iska?"

Ba fawa ta raina ba, da ita aka yi cinsu da shansu a gidan ubanta. Mijinta ta sani. In aka zare alli daga hannun mutumin nan, zai ci gaba da numfashi ne kawai. Tausayinsa ya hana ta sukuni, ita da ba ta saba da tausayin da ba a yi masa aiki ba.

Sai ta bi shagunan telolin unguwa tana kwasar guntayen yadi, atamfa, shadda, har da ragowar yunifom. Da Malam ya fita sai ta jawo tsohuwar taswirar ta shimfiɗa, ta dubi ƙasa ɗaya ta kwaikwayi siffarta da allin ɗinki, ta yanka. Teku ta yi shi da shuɗin zanin gado. Da ta zo kan Kamaru da Najeriya, sai ta buɗe akwati ta ciro zanenta na lefe ta yanka su duka biyun a ciki. Kuma ta yi aikin yadda ta koya tun tana yarinya: tela ba ya zane a fuskar yadi. A bayansa ake sa alli, ta baya ake ɗinki, in an gama a juya.

Ranar da ta gama, ta juya shi, ta goge, ta shimfiɗa a tsakar gida. Malam ya shigo ya tsaya a kai. Can sai ta ga kafaɗunsa suna rawa.

"Hansai," ya ce, dariya na sarƙe shi, "kin kai Senegal gabas. Ga Masar a yamma. Alhazan bana ta ina za su bi?"

Ashe da ta juya yadin, Afirka ma ta juya. Kunya ta rufe ta, idonta ya kawo ruwa. Ta ce, "Kawo in farke abina, tun da abin dariya ne."

"Bari tukuna," in ji shi.

Da safe ta duba, ba Malam ba taswira. Ranta ya ɓaci. Wato bai ishe shi ba, sai ya kai wa 'ya'yan mutane su ma su yi mata dariya? Ta yafa mayafi, ta soke almakashi a jaka, ta taka har makarantar.

Tun daga nesa ta jiyo muryarsa. Ta laɓe jikin taga. Ga taswirarta a bango, amma ya rataye ta a baibai, bayanta na kallon aji: bakin ɗinki a waje, zare na reto, ga shatar allinta. Ta nan kuwa kowace ƙasa tana mazauninta. Yara sun yi cincirindo a gaba. Faransancin kasuwa gare ta, amma ya ishe ta fahimta.

Malam ya ce wa wata ɗaliba, "Sa yatsanki a nan, tsakanin Kamaru da Najeriya. Me kika ji?"

"Ɗinki, Monsieur."

"Yadin fa?"

"Iri ɗaya ne."

"To haka yake. Yadi ɗaya ne, wasu suka zauna can nesa da almakashi suka yanka. Taswirar takarda tana ɓoye muku wannan."

Ya juyo zai ɗauki alli, sai suka yi ido huɗu. Ya fito bakin ƙofa, hannunsa fari fat, fuskarsa irin wadda ta yi watanni ba ta gani ba. Ta yi maza ta danna almakashin can ƙasan jaka.

"Useko, Hansai," ya gode mata da Fillanci a hankali. "Bayan hutu Asiya zan koyar. Kina da sauran ƙyallaye?"

Ta so ta ba shi amsa mai yaji, sai ta fasa. Ta ce, "Ta daidai kake so, ko ta baibai?"

"Yadda kika saba."

Da yamma ta aika wa Halilu ya ba wani wurin. Malam Garga ya jawo kujera gefen keke ya fara mata labarin ƙasar Sin. Ta ce ya cika mata kunne, ƙafarta kuwa tuni ta tsaya.